Ƙira, walda, ɗaurin rodi ko makarantar fasaha: wace hanya yaro zai bi ya ci abinci da ƙarfe?

Da an gama girbi an kai amfani rumbu, maganar da ke tashi a gidaje da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa ita ce ta yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ko ya dawo daga karatun allo, ba a so ya tafi cin rani hannu rabbana. Sai a ce a kai shi aikin ƙarfe. To amma aikin ƙarfe hanya huɗu ce: ƙirar gargajiya a maƙera, walda a shagon maigida, ɗaurin rodi a wurin gini, da karatun walda a makarantar fasaha. Wanda ya bi ɗaya ba lalle ya iya cin abinci da ɗayar ba, kuma shekarun da ya zuba ba sa dawowa.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin shiga ba. Shiga koyo yawanci ba ta da tsada: goro, shaida, da alkawari tsakanin uba da maigida. Inda ake maƙalewa shi ne ranar yaye, lokacin da yaro ya iya aiki amma babu kayan aikin kansa. Na biyu, yaushe kuɗi zai fara shigowa kuma ta wace hanya, yini ne, jinga ce ko albashi. Ga ma'auni mai sauƙi: mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne a wata. Idan aka raba shi kwana 26 na aiki, kusan naira 2,700 ke nan a yini. Duk ladan da aka faɗa maka, cire kuɗin mota da abincin rana, ka ninka shi da kwanakin da ake samun aikin da gaske, sannan ka gwada da wannan. Yini mai tsoka na kwana takwas a wata bai kai ƙaramin yini na kwana ashirin da biyar ba.

Sauran su ne ɗorewar aikin a cikin shekara da kuma idan ƙarfi ya fara raguwa, ko yana buƙatar wutar lantarki, ko zai bar yaro ya yi noman damina, irin haɗarin da ke cikinsa, da inda zai kai mutum nan da shekara goma.

Ƙirar gargajiya

Ita ce mafi arha. Uwar maƙera, masaba, awartaki da zuga-zugi, wanda wasu suka maye gurbinsa da fanka mai juyawa da wilin keke, su ne jarin, kuma maƙeri yakan ƙera rabinsu da hannunsa. Ba ruwanta da wutar kamfanin KEDCO ko fetur. Ƙarfen ma daga 'yan gwangwan yake fitowa: tsohon sifirin ɗin mota, faifan garmar tarakta, guntayen rodi. Abin da ke ƙara wuya shi ne gawayi, musamman na ƙirya da maƙera suka fi so saboda yana jimre wuta.

Yawanci gado ce, amma ana karɓar bare idan an san gidansu. Yaro yana farawa da zuga, ya koma dukan masaba, sai can a bar shi ya fitar da bakin fartanya ko lauje. Wurin da gwani ke bambanta shi ne tsoma ƙarfe bayan an ƙera. Sifirin da aka tsoma cikin ruwa yana ja zur zai yi tauri fiye da kima, ya tsage ko bakinsa ya ɓalle a saran farko, shi ya sa tsoma shi cikin mai ya fi dacewa, sannan a sake ɗumama shi kaɗan. Idan kuma ba a tsoma da zafin da ya isa ba, lauje ba zai riƙe kaifi ba.

Cinikin na lokaci ne. Fartanya, garma da sungumi gab da faɗuwar damina, lauje da magirbi da kaka, wuƙaƙe da gatari kafin Babbar Sallah. A tsakani kuwa sai gyaran baki da ɗan abin da aka sayar ran Juma'a a Wudil, ran Alhamis a Maigatari, ko ran Lahadi a Gujungu da Dambatta. Maganin feshi ya rage yawan noman hannu, kayan kamfani kuma sun shigo kasuwa. Abin da bai mutu ba shi ne bakin garmar shanu, wanda ƙasa ke cinyewa dole a sake. Ƙira tana riƙe gida tare da gona. Ita kaɗai, da wuya ta gina shi.

Walda a shagon maigida

Nan ne mafi yawan yara ke tafiya, kuma nan ne aka fi yin kuskuren zaɓe, domin ba sana'ar ake zaɓa ba, maigidan ake zaɓa. Koyo yakan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu. Babu albashi, sai kuɗin abinci da ɗan ihsani idan an yi jinga mai kyau, kuma daga baya maigida kan sakar wa manyan yara ƙananan gyare-gyare su riƙe kuɗin. Kafin a miƙa yaro, a je shagon ba tare da sanarwa ba a ga wa ke riƙe da sandar walda. Idan yara goma ne injin ɗaya, kuma wanda ya shekara biyu har yanzu fenti da goge tsatsa yake yi, a nemi wani wurin. A tambayi mutum nawa maigidan ya yaye da inda suke yanzu. A kuma yi magana ƙarara a gaban shaidu kan shekarun koyo, hutun damina, da abin da za a ba yaro ranar sallama. Kunya a wannan ranar ita ke haifar da rigima bayan shekara uku.

Ga abin da ya kamata yaro ya kama bi da bi. Wata shidan farko awo da yanka: tef, sikwaya, zarto, giranda. Sannan kama wuta da jan layi a kwance, sai a tsaye, sai sama da kai. Sandar da aka fi amfani da ita a shago ita ce 6013. Mai kaurin milimita 2.5, wadda ake kira geji 12, tana son amfiya 60 zuwa 90, mai 3.2 kuma, geji 10, tana son 90 zuwa 130. Idan wuta ta yi yawa, siririn bututu zai huje. Idan ta yi kaɗan, sanda za ta riƙa mannewa, waldar ta hau sama ba ta shiga jikin ƙarfe ba, kuma irin wannan ce ke sakin hinjin get bayan wata uku. Sandar da ta sha raɓa tana barin ƙananan ramuka a cikin walda. Wanda bai kankare dattin layin farko ba ya ɗora na biyu ya binne rauni a ciki. Ƙofa kuwa ana ɗiɗɗiga ta ne a kusurwoyi huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu har awon ya zo ɗaya, sannan a cika walda ana tsallake-tsallake. Mai cike gefe guda gaba ɗaya zai tarar zafi ya karkatar da ita, ta ƙi shiga firam.

A ƙauye ba ƙofa da taga ne ke riƙe shago ba, gyara ne. Amalanke, garmar shanu, kurar ruwa, injin casa, injin niƙa, famfon ban-ruwa. A yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, ko Auyo da Haɗeja inda ake noman rani, wannan aikin ba ya yankewa. Don haka shagon da ke gyaran injinan noma ya fi shagon ƙofofi zalla amfani ga yaron da zai koma gida. A nan zai koyi cewa gangar jikin famfo ƙarfen zubi ne, ba a yi masa da sandar ƙofa. Sanda mai nikel yake so, a ɗumama shi tukuna, a yi walda gajere-gajere, a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali, in ba haka ba ya sake tsagewa a gefen gyaran.

Jarin yaye shi ne nauyin. Injin walda, giranda, injin huda, abin rufe fuska, wayoyi, haya, da babban abu, janareta. Ƙauyuka da yawa ba su da wuta, masu ita ma ba ta tsayawa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mai ya zama kaso mai girma a cikin kowace jinga. Ƙaramin injin zamani mara nauyi ya fi tsohon injin naɗi sauƙin wuta, amma ko shi yana son janareta mai kVA 5 ko fiye idan za a ja geji 10, kuma ƙura da hawa-da-saukar wuta suna ƙona masa kati. Injin naɗi yana shan wahala shekara da shekaru, kowane mai gyara kuma ya iya shi, sai dai cin wuta. A je Ƙofar Ruwa a Kano a ji farashi a makon da za a saya, kada a yi lissafi da na bara. Haka ma wajen jinga: sabon mai shago da ya karɓi aiki ba tare da kafin alƙalamin da ya rufe kuɗin ƙarfe ba, tashin farashi na mako biyu ya isa ya cinye ladansa.

Haɗarin farko ido ne. Hasken walda yana ƙona fatar ido, ciwon ba ya tashi sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, gilashi mai lamba 10 ko 11 ake so. Giranda da aka cire wa murfi tana fasa faifai a fuskar mutum. Hayaƙin farin bututu mai rufin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Mafi muni shi ne tankin babur, duro ko jarkar ƙarfe da ta taɓa ɗaukar fetur: ko ta bushe, tururin da ke ciki yana fashewa. Sai an wanke ta an cika ta da ruwa zuwa kusa da wurin gyara, kuma ba aikin ɗan koyo ba ne.

Ɗaurin rodi da hawa ƙarfe

Wannan ne ya fi saurin kawo kuɗi. Yaro mai ƙarfi yana shiga a matsayin mataimaki a biya shi yini tun makon farko, cikin wata shida zuwa shekara ya iya yanka, lanƙwasa da ɗauri. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: zarto ko giranda, ƙarfen lanƙwasa, filaya, tef, alli. Shugaban tawaga yana karɓar jinga, ko a kan tan ko a kan aikin gaba ɗaya, ya biya yaransa yini.

Wanda ke son ya zama shugaban tawagar sai ya iya lissafi da karanta zanen injiniya. Sandar rodi mita 12 ce. Nauyin mita ɗaya shi ne kaurin sau kansa a raba da 162, wato mai milimita 12 ya kusa kilo 0.89, tan ɗaya ya ba da sanda 93 ko 94. Mai 16 sanda 52 ko 53, mai 10 kuma kusan 135. Idan dila ya kawo tan ɗaya sanduna suka fi haka yawa sosai, ba kyauta ya yi ba, rodin ne bai cika kauri ba. Inda aka haɗa sanda biyu, su haɗu tsawon da ya kai sau 40 zuwa 50 na kaurin, kimanin santimita 60 ga mai 12, sai dai idan zane ya faɗi wani abu. A sa biskit, wato 'yan guntayen kankare da ke ɗaga rodi, a ƙarƙashi don kankare ya rufe ƙarfe da aƙalla milimita 25 a dekin, 50 ko fiye a tushe, domin rodin da ke leƙowa zai yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren. Ba a gasa rodi da wuta don ya yi saurin lanƙwasuwa, ba a kuma miƙe shi a sake lanƙwasawa a wuri ɗaya. Kuskuren da ke kashe mutane shi ne na baranda mai fitowa ba ginshiƙi: manyan sandunanta a sama suke, idan leburori suka tattake su ƙasa ranar zuba kankare, ranar da aka cire katako sai ta faɗo. Mai ɗaurin da ya san aikinsa ba ya barin wurin sai an gama zubi.

Matsalarsa ita ce ba aikin ƙauye ba ne. Gidan bulo da ba bene ba fila da lintal kawai yake buƙata, aikin kwana biyu. Aiki na gaske yana Kano, Dutse, Haɗeja, Kazaure, Abuja, ko inda ake kwalbati da gada. Ga mai noma wannan ba laifi ba ne, cin rani ne da sana'a a hannu. Sai dai ana yin sati uku ana aiki a yi biyu a zaune, ɗan kwangila yana iya riƙe ladan mutum har a biya shi, kuma jiki ne jarin: baya, gwiwa, tafin hannu, da rana a kan dekin a watan Afrilu. A yi allurar tetanus. Daga nan wasu ke wucewa hawa ƙarfe, wato ɗora rufin sito, rumfar gidan mai da hasumiyar tankin ruwa. Lada ya fi, amma ana son wanda ya iya walda, kuma hawa ba bel ɗin ɗaurewa caca ce da rai. A kula da wayar lantarki idan ana ɗaga sanda mai mita 12 a unguwa.

Makarantar fasaha da takardar shaida

Mai takardar aji uku na ƙaramar sakandare zai iya neman kwalejin fasaha ta gwamnati, irin ta Wudil ko Bagauda, ya yi shekara uku a sashen walda da haɗa ƙarfe, ya zauna jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar makarantun fasaha, ya sami NTC, wato takardar shaidar fasaha ta ƙasa. Da ita ana iya neman kwalejin kimiyya da fasaha, kamar Hussaini Adamu ta Kazaure ko Binyaminu Usman ta Haɗeja. Abin da makaranta ke bayarwa wanda shago ba ya bayarwa shi ne zane, lissafi, sanin irin ƙarfe, da dalilin abu. Abin da ba ta cika bayarwa ba shi ne yawan riƙe sanda, domin ɗalibai sun fi injina yawa. Ɗalibin da bai liƙe wa wani shago a lokacin hutu ba, zai fito ne da takarda da hannu mai rawa. Shekara ukun nan kuma kashewa ake yi, babu shigowa.

Akwai gajerun horo na wata uku zuwa shida da asusun horar da ma'aikata na ITF da hukumar samar da ayyukan yi ta NDE ke shiryawa, wani lokaci da kayan sallama. Suna da amfani ga wanda ya riga ya iya. Wata uku ba ya mayar da sabon shiga mai walda.

Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne takarda ba sai ta makaranta ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, kuma yaron shago yana iya zama. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ma tana da tsarin NSQ da ke tantance gwanintar da mutum ya koya a wurin aiki. Irin wannan takardar ce ke buɗe ƙofar kamfani, inda ake samun albashi, fansho, da diyyar rauni ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF idan kamfanin ya yi rajista. Manyan ayyuka irin bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, ko layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa Kazaure, ba sa wadatuwa da takarda kaɗai. Gwaji ake yi a gabansu, a duba waldar ciki da waje. Mai son kaiwa can sai ya koyi sandar 7018, wadda ake ajiyewa a busasshen wuri mai ɗumi, da waldar bututu a karkace da ake kira 6G. Mafi tsadar hannu a sana'ar ke nan, kuma ba a shagon ƙofa ake samunsa ba.

| Ma'auni | Ƙira | Walda a shago | Ɗaurin rodi | Makarantar fasaha |
|---|---|---|---|---|
| Tsawon koyo | Shekaru, tun yarinta | Shekara 2 zuwa 4 | Wata 6 zuwa shekara 1 | Shekara 3 |
| Kuɗi lokacin koyo | Abinci, ɗan ihsani | Abinci, ƙananan gyara | Yini tun farko | Babu |
| Jarin tsayawa da kai | Kaɗan | Mai yawa, saboda janareta | Kaɗan | Mai yawa, ko a nemi albashi |
| Buƙatar wuta | Babu | Dole | Kaɗan | Dole |
| Aiki a ƙauye | Na lokaci-lokaci | Kusan duk shekara inda ake noman rani | Ƙalilan | Ya danganta da hannu |
| Noman damina | Yana tafiya tare | Sai an yi yarjejeniya | Yana tafiya tare | Hutu kaɗai |
| Babban haɗari | Ƙuna, ji, kafaɗa | Ido, hayaƙi, fashewar tanki | Faɗowa, baya, lantarki | Fita ba gwaninta |
| Inda take kaiwa | Maƙerin gari | Mai shago, mai ƙera injina | Shugaban tawaga, ɗan kwangila | Kamfani, ƙarin karatu |

Wa ya dace da wanne

Gidan da ke buƙatar kuɗi a wannan ranin, yaron kuma ya haura shekara 18 yana da ƙarfi, rodi ne. Amma ya shiga da niyyar koyon zane da lissafi, ya kuma riƙa zuba adashi don injin walda, domin bayan shekara arba'in dekin ba ya tausayin kowa.

Yaron da zai zauna a gari ya gaji gona, garin kuma yana da kasuwar mako ko fadamar noman rani, a kai shi walda wurin mai gyaran injinan noma, ko da sai ya kwana a Kura, Haɗeja ko Wudil. A fara tara kuɗin janareta tun shekarar farko, ko ɗan tinkiya ne a ɗaure da sunan wannan. Idan jarin bai samu ba ranar yaye, ya zauna wurin maigida a kan kaso na shekara guda, ya fi ya buɗe shago da bashi.

Ɗan gidan maƙera kada ya raina gadonsa, ya ƙara walda a kai. Wanda ya iya fitar da bakin garma a wuta ya kuma iya ɗinke firam ɗinta da sanda ya kama manomi ta hannu biyu, kuma ranar da babu fetur ba zai zauna ba. Bare kuwa da ba shi da gona, ƙira kaɗai ba za ta ishe shi ba.

Yaro mai kan lissafi, ɗan shekara 14 zuwa 16, wanda gida zai iya ɗauke wa nauyi shekara uku, makarantar fasaha ce, da sharaɗin kowane hutu a shago yake. Wanda kuma ya riga ya shekara biyu a shago yana hangen kamfani, ba sai ya koma aji ba: ya je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago a Kano ko Dutse ya yi rajistar gwajin mataki na uku, sannan ya nemi wurin da ake waldar tanki da bututu ya ƙara shekara guda a can.